Daga Tiya zuwa Sikelin Masana'anta

A kasuwannin Tasawa da Mayahi, da na ƙauyuka kamar Maijirgi, Korgom da Kanambakashe, da tiya ake awon hatsi da dawa da wake. Kowa ya san ta. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai wajen kilo 2 da rabi, shi ya sa ake cewa tiya 40 buhu ne mai kilo 100.

Amma tiya ba nauyi take faɗi ba. Cikin ƙwarya kawai take faɗi. Wani ya yi mata tozo, wani ya tara hannu a gefe, wani kuma tiyarsa ta lotsa. Tiyar gujiya mai ɓawo ba ta kai nauyin tiyar hatsi ba. In gari ne abin ya fi muni. A cika tiya da gari, a bubbuga gindinta a ƙasa, sai garin ya kwanta, wuri ya samu. Siminti da takin zamani ma haka suke yi. Saboda haka masana'anta ba ta sayen kaya da tiya, ba ta kuma sayarwa da ita. Kilo ta sani, da tan. Tan ɗaya kilo 1.000 ne, watau buhu 10 masu kilo 100.

Zamanin gujiya

Tsofaffin wannan yanki sun san sikeli tun zamanin gujiya. A shekarar 1942 aka kafa SICONIGER, masana'antar tatsar man gujiya a Maraɗi. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gujiya, ta kuma kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. Da kaka manomi ya ɗoro buhunansa a kan jaki ko raƙumi ya kai kasuwar awo. Mai awo ya goga dutse, ya faɗi lamba, ya rubuta. Manomin da bai iya karatu ba sai dai ya ce to. In an rage masa kilo 3 ba shi da bakin magana, don bai ga abin da ƙarfen ya nuna ba.

Wannan na cikin abin da ya cika azuzuwan yaƙi da jahilci. Daga 1966 UNCC ta fara barin manoma su riƙe kasuwanninsu da kansu, su zaɓi mai awo da marubuci daga cikinsu. To wa za a zaɓa, in ba wanda ya san lamba ba? Farin 1973 da kuturtar gujiya ta 1975 sun karya wancan ciniki, SONARA ma ta daɗe da rufewa. Amma awo bai mutu ba. Ya koma kan wake da aya da riɗi, da buhunan da ake ajiyewa a mangazar ƙungiya.

Yadda manyan sikeli suke aiki

Tsohon sikeli mai faranti, wanda ake ɗora wa buhu, dabarar sanda yake bi. Yaro yana iya ɗaga babban dutse da doguwar sanda in ya tokare ta kusa da dutsen. Haka ƙarafan da ke ƙarƙashin farantin suke. A irin wanda ake ɗora wa duwatsun awo, dutsen kilo 1 yana tsayar da kaya mai kilo 10. Duwatsun kilo 7 kenan kaya kilo 70.

Na yanzu ba su da duwatsu. A ƙarƙashinsu akwai ƴan guntayen ƙarfe masu ƙarfi, an manna musu siririyar waya. In kaya ya hau, ƙarfen ya lanƙwasa kaɗan, lanƙwasar da ido ba ya gani. Wayar ta miƙe tare da shi, wutar da ke bi ta cikinta ta sake. Na'ura ta juya wannan sakewa ta zama lamba a kan allo.

A ƙofar babbar masana'anta akwai sikelin mota, shimfiɗe a ƙasa kamar gada. Kamyo ya hau da kayansa, a rubuta. Ya shiga ya sauke, ya dawo ya hau fanko, a sake rubutawa. Sai a ɗebe na biyu daga na farko. A ce da kaya ya nuna kilo 38.400, fanko kuma kilo 14.900. Nauyin kayan kilo 23.500 ne, tan 23 da rabi. A nan sai a sa ido. In yaran mota biyu suna sama a awon farko, suka sauka kafin na biyu, an sayar da nauyinsu a kuɗin wake.

A ciki kuma akwai sikelin ɗura buhu. Shi ne abin kallo. Babban mazurari ne na ƙarfe. Ana maƙala bakin buhu a ƙasansa, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, gari ya zubo da ƙarfi. Da ya kusa cika sai ƙofar ta tsuke, ya riƙa zuba kaɗan kaɗan, kamar mai awo da ke ƙarasa tiya da tafin hannu. Kuma tana rufewa tun lamba ba ta kai 50 ba, don akwai garin da ya riga ya baro ƙofa, yana iska, bai faɗa buhu ba tukuna. Da irin wannan na'ura masana'antun siminti, kamar ta Malbaza a jihar Tawa, suke cika buhu mai kilo 50.

Wani sikelin yana ƙarƙashin bel mai jan kaya, yana awo kayan na tafiya. In kowace mita ta bel tana ɗauke da kilo 20, bel ɗin kuma yana cin mita 1 a daƙiƙa, a minti ɗaya kilo 1.200 sun wuce, a awa ɗaya tan 72.

Masana'anta tana auna abin da take haɗawa ma. Lambobin 15-15-15 da ke jikin buhun taki awo ne. Ma'anarsu, a cikin kilo 100 akwai kilo 15 na kowane ɗaya daga abincin shuka iri uku. A buhu mai kilo 50, kilo 7 da rabi kenan kowanne. In sikelin haɗi ya yi ƙarya, manomi ba ya ganewa a kasuwa. Sai gona ta faɗa masa, bayan damina ta wuce.

Abin da ke ɓata awo

Sikeli ba ya son ƙasa mai gangare, ba ya son yashi a ƙarƙashin faranti. A nan kuwa yashi ba baƙo ba ne. Kafin a ɗora komai a duba ko yana kan sifiri. A auna buhu fanko, a san nauyinsa. Danshi ma yana shiga lissafi: waken da bai bushe ba yana da nauyin ruwa, bayan wata ɗaya a mangaza sai a tarar ya ragu, a yi ta zargin mai tsaro alhali bai taɓa ƙwaya ba.

A kula da waƙafi a kan allo. 49,5 kilo 49 ne da rabi. Wasu na'urori ɗigo suke sawa a wurin waƙafin. Rabin kilo kamar ba komai ba ne. Amma in ƙungiya ta sayi taki buhu 200, kowanne da ragin rabin kilo, kilo 100 sun tafi, buhu 2 cur.

Akwai gwaji mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A auna jarka fanko, a zuba mata lita 20 daidai, a sake aunawa. In ƙarin bai zo kusa da kilo 20 ba, a tsayar da awo. Kilo ɗaya ne a Tasawa da Kano da ko'ina. Daga 1889 har 2019 wani ɗan curin ƙarfe da ke ajiye kusa da Paris a ƙasar Faransa shi ne uban kilon duniya, kafin masana su koma ga lissafin kimiyya. A Nijar hukumar ANMC ce ke kula da ingancin ma'aunai. Ƙungiyar da za ta kai kaya masana'anta ta tura wakili mai karatu, ya tsaya a wurin awo na farko da na biyu, ya karɓi takardar da na'ura ta buga, ya kawo gida.

Lissafi don aji

Wata ƙungiya ta kai wake. Da kaya kamyo ya nuna kilo 21.300, fanko kilo 9.200. Buhunan 120 ne, kowane buhu fanko a ce rabin kilo. Kilo nawa ne waken kansa? In an saya kilo ɗaya dala 60, jika nawa za a biya ƙungiyar?