Ɗakin Faiba Da Ake Goyawa A Bayan Mota: Yadda Ake Zaɓarsa Da Yadda Ake Kula Da Shi

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wata motar a-kori-kura ba, goye da wani farin ɗaki mai sulɓi, ta yi fakin a gindin dutse ko a bakin tafki. A cikin ɗakin akwai gado da kicin da bayi, a samansa ga farantan sola. Irin wannan ɗakin goyo ya fi yawa a Amurka da Kanada, inda mutane ke loda shi a mota su tafi hutu ko farauta, wasu ma su mayar da shi gidansu dungurungum suna aiki ta intanet daga ciki.

Ɗakunan iri-iri ne, amma wanda masu sha'awar abin suka fi yi wa rububi shi ne na zubin faiba, wato zaren gilashi. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake ƙera shi, da lissafin da ake yi kafin a saya, da hidimar da ke jiran mai shi bayan ya biya kuɗi.

Yadda ake ƙera shi

Yawancin ɗakunan goyo kamar gini ake haɗa su. A kafa firam na katako ko na alminiyom, a manna bango huɗu, a ɗora rufi, sannan a bi kowace mahaɗa da gam. Matsalar ita ce mota ba ta zama wuri ɗaya. Girgizar hanya kan sassauta mahaɗun a hankali, ruwan sama ya samu kafa, katakon ciki ya fara ruɓewa ba tare da mai shi ya sani ba.

Na zubi kuwa dabarar masu ƙera kwale-kwale aka aro. Ana da wani ƙaton mazubi mai siffar ɗakin. Da farko a fesa masa wani fenti mai kauri da ake kira jelkot, wanda shi ne zai zama fatar waje mai sheƙi. Sai a shimfiɗa zaren gilashi a kai, a jiƙa shi da wani danƙo mai daskarewa. Idan ya bushe sai a ɓamɓaro shi guda. Ɓari biyu ake yi, na sama da na ƙasa, a kifa ɗaya a kan ɗaya kamar ƙwarya da murfinta. Ke nan maimakon mahaɗu birjik a kowace kusurwa, mahaɗa ɗaya ce ta zagaye tsakiyar ɗakin.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Owens Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ya fito da zaren gilashi kasuwa, kuma a 1953 motar Chevrolet Corvette ta fito da bodin faiba. A 1968 wani mutum mai suna Ray Olecko ya fito da ƙaramar tirelar kwana ta zubi mai suna Boler a birnin Winnipeg na Kanada. A yau sunaye biyu da suka fi fice wajen ɗakin goyo na zubi su ne Northern Lite da ke Kelowna da kuma Bigfoot da ke Armstrong, dukkansu a lardin British Columbia na Kanada.

Amfaninsa da naƙasunsa

Babban amfaninsa shi ne ƙarancin yoyo, domin faiba ba ta tsatsa kuma ba ta ruɓewa. Ana lulluɓe cikinsa da soso mai hana zafi da sanyi ratsawa, shi ya sa ake iya kwana a ciki lokacin da ƙanƙara ke zuba. Kusurwoyinsa masu lanƙwasa suna rage karo da iska. Sannan yana riƙe darajarsa a kasuwar na hannu fiye da takwarorinsa.

Sai dai yana da tsada, don sabo kan kai kuɗin sabuwar mota. Dalili shi ne ƙera mazubin kansa na cin kuɗi sosai, kuma kamfani ba ya iya sauya fasali yadda ya ga dama, saboda haka samfuran ba su da yawa. Galibinsu ba su da ɓangaren nan da ke zamewa waje ya ƙara faɗin ɗaki idan an yi fakin, don haka cikinsu a matse yake. Ga mutum biyu ya wadatar, ga iyali mai yara huɗu kuwa takura ce.

Lissafin nauyi kafin komai

A nan ne sababbin shiga suka fi tafka kuskure. Sai mutum ya ga ɗaki ya burge shi ya biya, daga baya ya gano motarsa ba za ta iya ɗauka ba. Kowace a-kori-kura tana da iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka. A motocin Amurka da Kanada ana samun wannan adadi a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Adadin ya haɗa da direba da fasinjoji da duk abin da aka saka a motar.

Shi kuma nauyin da kamfani ke rubutawa a tallan ɗaki, nauyinsa ne fanko, babu ruwa babu kaya. Ga misali. A ce mota na iya ɗaukar kilo 1,800, ɗakin kuma kilo 1,300 ne. A ido sai a ga akwai rarar kilo 500. To amma tankin ruwa mai lita 130 kilo 130 ne, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Tukwanen gas biyu a cike kilo 34. Batura kilo 30. Ƙarafan ɗaure ɗaki kilo 40. Abinci da tufafi da kayan aiki kilo 150. Mutum biyu kilo 150. Jimilla ta zama kilo 1,834, an riga an zarce iyaka tun kafin a tayar da mota.

Wuce iyaka ba ƙaramin abu ba ne. Birki ba zai kama da wuri ba, tayoyin baya za su yi zafi har su iya fashewa, motar kuma ta riƙa tangaɗi a kwana saboda tsayin kayan. Wasu kan ƙara sifirin ko jakar iska don kada bayan motar ya zauna, amma hakan ba ya ƙara adadin da kamfani ya ƙayyade. Shi ya sa manyan ɗakunan zubi suka fi dacewa da motoci irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500. Toyota Hilux da aka saba gani a titunan Najeriya da Nijar kusan tan ɗaya take ɗauka, bodinta kuma gajere ne, don haka irin waɗannan manyan sun fi ƙarfinta.

Abu na biyu shi ne tsakiyar nauyi. Kamfanoni kan sa alama a gefen ɗakin da ke nuna inda nauyinsa ya tattaru. Dole alamar ta faɗo a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ko gaba da shi. Idan ta koma baya, gaban motar zai yi shafal, sitiyari ya rage kama ƙasa. Haka kuma a auna tsawon bodi, domin akwai ɗakin da aka yi wa bodi mai ƙafa 8, akwai na ƙafa 6 da rabi.

Wuta da na'urori

Wannan ɓangaren ne zai fi jan hankalin ma'abota waya. Ɗakin yana aiki da wuta mai bolt 12 daga batir, sai inbata da ke mayar da ita irin ta gida. Yanzu an fi amfani da batirin litiyom nau'in LiFePO4, wanda bai kai rabin nauyin batirin dalma ba, kuma ya fi shi daɗewa. Da yawansu suna da Bluetooth, mai shi ya buɗe manhaja a waya ya ga cajin da ya rage da abin da ke jan wuta.

Batir mai 100Ah yana riƙe kusan 1,280Wh. Wayar da batirinta ke da 5,000mAh kusan 19Wh take ci, wato zai iya cika ta sau 60 ko kusa da haka. Waya dai ba ita ce matsala ba. A ce firiji ya ci 500Wh a yini, fanka 150, fitilu 50, kwamfuta 120, na'urar Starlink 180. An tashi 1,000Wh. Farantin sola mai wat 200, idan ya samu rana mai kyau ta awa 5, abin da zai bayar bayan asara bai wuce 750Wh ba. Ke nan akwai giɓi, sai a ƙara faranti ko a saka na'urar da ke cajin batirin daga injin mota yayin tafiya. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, mai cin wat 1,300, za ta shanye wannan batir cikin awa ɗaya.

Wanda ke tunanin shigo da irin wannan ɗaki Afirka ta Yamma ya sani cewa an yi shi ne don wutar Amurka mai bolt 120. Ta Najeriya da Nijar ta haura bolt 200, kuma jona shi kai tsaye zai ƙona caja da sauran na'urorin ciki.

Idan na hannu za a saya

Kada kyallin waje ya ruɗi mai saye. Ko da yake bodin ba ya yoyo, an huda shi wajen saka tagogi da ƙofa da fankar rufi, kuma ta nan ruwa ke shiga. Akwai katako a daɓe da cikin kabad, shi kuma yana ruɓewa. A taka kowane lungu na daɓen a ji ko ya yi laushi. A shinshina ko akwai warin danshi. A duba gindin jak huɗun da ke ɗaga ɗakin, domin nan ne ya fi shan wahala. Ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo a kan jelkot galibi na fata ne, amma tsaga mai zurfi kusa da jak ko wurin ɗauri alama ce ta a yi hattara. A kunna firiji da murhu da famfo ɗaya bayan ɗaya a gaban mai sayarwa. Araha ba ta ado, kuma gyaran daɓen da ya ruɓe na iya cinye rangwamen da aka samu.

Hidimar bayan saye

Rana ce babbar abokiyar gabar jelkot. Idan aka bar shi a fili ba kulawa, yakan dusashe ya riƙa fitar da farin gari kamar alli. Maganin shi ne wankewa da shafa kakin goge mota sau ɗaya ko biyu a shekara, da ajiye shi a inuwa. Gam ɗin tagogi da na rufi kuma a duba shi kafin damina da bayanta.

Loda ɗakin na buƙatar haƙuri. A ɗaga shi da jak a kan ƙasa mai tauri da ta daidaita, a shigo da mota da baya sannu a hankali, a sauke shi, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a sake duba ɗaurin. Direba ya rubuta tsayin motar ya manna a gabansa, tunda da ɗaki a kai takan haura mita 3, kuma ba kowace gada ko rumfa za ta shige ba.

Tunda ana girki da ɗumama ɗakin da gas, wajibi ne na'urar gano yoyon gas da ta gano iskar kabon monoksaid su kasance suna aiki. Wannan iskar ba ta da wari ko launi, ita ce dai wadda ke hallaka masu kwana da janareta a ɗaki. Na'urorin suna da wa'adi da ke rubuce a jikinsu, idan ya cika a sauya.

Kafin a biya ko sisi, a kai motar ma'aunin manyan motoci da man fetur cike da mutanen da za su yi tafiyar a ciki. A cire abin da ma'auni ya nuna daga iyakar da aka rubuta a ƙofar direba a ƙarƙashin haruffan GVWR. Abin da ya rage shi ne nauyin ɗaki da kayansa da motar za ta iya goyawa, kuma da wannan adadin ake shiga kasuwa.