Sana'a Goma da Ikon Cewa A'a

'Ya'yana masu sha'awar fim da waƙa, ina jin yadda kuke gabatar da kanku a 'yan shekarun nan: jarumi, mawaƙi, mai rawa, furodusa, duk a numfashi ɗaya, alhali gemu bai gama fitowa ba. Ba dariya zan yi muku ba. Magabatan da suka ce taura biyu ba ta taunuwa, su ne dai suka ce sana'a goma maganin mai gasa. Ku dai ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin wani baƙar fata na Amurka da ya riƙe wasan daɓe da fim da waƙa, babu wadda ta suɓuce masa.

Sunansa Harry Belafonte. An haife shi a unguwar Harlem ta birnin New York a 1927, ya yi ƙuruciya a wurin kakarsa a tsibirin Jamaika. Karatu ya ba shi wuya, ya bar sakandare ya shiga sojan ruwa a 1944. Bayan yaƙin duniya na biyu yana aikin shara da gyare-gyare a wani gidan haya, sai wata 'yar haya ta yi masa tukuici da tikitin kallon wasan kwaikwayo na wata ƙungiyar baƙaƙen fata. Daga wannan daren ya san abin da yake so. A can ya haɗu da wani matashin ɗan wasa, Sidney Poitier. Talauci ya sa su biyun suke sayen tikiti guda: ɗaya ya kalli kashin farko, ya fito ya ba ɗan'uwansa labari a gurguje, ya miƙa masa tikitin ya shiga ya kalli na gaba.

Bai ce baiwa ta ishe shi ba. Makarantar koyon wasa ya shiga, ƙarƙashin wani darakta Bajamushe, Erwin Piscator, aji ɗaya da ɗan wasa Marlon Brando. Waƙa kuwa neman kuɗin makaranta ne ya kai shi gare ta. A 1949 ya fara rera waƙoƙin yayi a wani gidan rawa, manyan makaɗa irin su Charlie Parker suna yi masa kiɗa. Yaro na yau da zai samu haka, ai sai ya ce ya iso. Shi kuwa ya ga waƙoƙin ba nasa ba ne, kowa ma zai iya rera su. Ya ajiye, ya buɗe ɗan gidan abinci da abokai, bai yi kasuwa ba. Ya koma yana tonon tsofaffin waƙoƙin manoma da fursunoni da 'yan dako waɗanda aka naɗa aka adana a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, yana saurare yana koya. Da ya dawo gaban jama'a, ya dawo da abin da ya sha bamban, kuma kowace waƙa yana wasa da ita kamar rol, da ido da hannu da tsayuwa. Horon daɓen nan bai tafi a banza ba.

Sai abubuwa suka zo a jere. A 1954 ya ci lambar Tony ta wasan daɓe. A 1956 kundin waƙoƙinsa mai suna Calypso ya zama na farko na mawaƙi guda da aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Waƙar da ta fi tashe a ciki ta leburorin Jamaika ce masu lodin ayaba cikin dare, suna jiran gari ya waye mai ƙidaya ya zo su tafi gida. A 1960 ya ci lambar Emmy ta talabijin.

Akwai wani abu da zai ba ku dariya, ku da kuka saba da mamin a Kannywood. A fim ɗin Carmen Jones na 1954, Belafonte mawaƙi ne sananne, amma da aka zo waƙoƙin fim ɗin, muryar wani aka ɗora masa, shi yana motsa baki, domin irin waƙar tana buƙatar maƙogwaron da aka horar da shi daban. Ya hau waƙar wani, ya yi aikinsa na ɗan wasa. Iya waƙa iri ɗaya ba iya kowace waƙa ba ne, kuma ba abin kunya ba ne a bar wa gwani nasa.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. A ƙarshen shekarun 1950 aka zo masa da babban rol a fim ɗin Porgy and Bess, kuɗi masu kauri, kamfani babba. Ya duba ya ga labarin yana nuna baƙar fata a wulaƙance, ya ce ba zai yi ba. Abokinsa Poitier ne ya karɓa, ba da son ransa ba. Belafonte ya kafa kamfaninsa, ya shirya Odds Against Tomorrow a 1959, daga nan ya yi kusan shekara goma bai fito a fim ba, saboda abin da ake kawo masa bai kwanta masa a rai ba. Me ya ba shi wannan ƙarfin hali? Tarbiyya tana ciki, babu shakka. Amma mu faɗi gaskiya, waƙa tana ciyar da gidansa. Ɗan wasan da ba shi da abin yi sai jiran wayar furodusa, ranar da aka ce ya faɗi kalmar da zai ji nauyin mahaifiyarsa ta ji, ko ya yi rawar da 'ya'yansa za su gani wata rana su sunkuyar da kai, da wuya ya ƙi, domin kuɗin haya na jiransa. Ni a ganina babban amfanin sana'a ta biyu ke nan. Ba don a tsawaita kirari a Instagram ba ne. Don ranar da za ka ce a'a ne, ka kwana da yunwar suna amma ba da yunwar ciki ba.

Ke ma 'yata, wannan magana ta fi shafarki, domin abin da ake nema daga mace a wannan harka kafin a ba ta rol wani lokaci ba ya faɗuwa. In kina da murya, ki je situdiyo ki koyi aikinta sosai. In kina da hannun rubutu, ki koyi tsara labari. Ko ɗinki ne ko kwalliyar 'yan wasa, ki iya shi har a neme ki dominsa. Amma ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutumin nan ya yi, sai wadda aka kama ta zauna kafin a miƙa hannu ga wata.

Dukiyar da ya tara da sunan da ya yi, bai rufe su a ɗaki ba. Ya zama na hannun daman Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya tara kuɗin belin masu zanga-zangar neman 'yanci a 1963, a 1964 kuma shi da Poitier suka ɗauki jaka cike da kuɗi zuwa jihar Mississippi, inda ake kashe masu wannan fafutuka. Shi ya riƙe hannun mawaƙiya Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu lokacin da gwamnatin wariya ta hana ta komawa gida, suka yi faifai tare ya ci lambar Grammy a 1966. Da yunwa ta afka wa Habasha, shi ya kawo shawarar tara manyan mawaƙa su yi waƙar agaji a 1985.

Murya dai aro ce. Tasa ta dushe da tsufa, ya daina hawa dandamalin waƙa a 2003. Amma a 2018, yana da shekara 91, ya fito a fim ɗin BlacKkKlansman na darakta Spike Lee a matsayin dattijo yana ba matasa labarin kisan gillar da aka yi wa wani yaro baƙar fata a jihar Texas a 1916. Wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe. Ya rasu a New York a watan Afrilun 2023, yana da shekara 96.