WANE LITTAFI ZAN KARANTA? DARASI A KAN AMANAR NUNA LITTAFI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ɗan Adam da ni'imar ilimi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da kusan kowane mai son karatu ya taɓa yi, ko kuma aka taɓa yi masa, wato: wane littafi zan karanta? Mutane da yawa suna ɗaukar amsarta abu mai sauƙi. Mu kuwa muna ganin amana ce, kuma za a tambayi mai ba da amsar a kanta.

ABIN DA YA JAWO WANNAN DARASI

A zaurenmu na nan Kurni, idan an rufe littafi bayan sallar isha'i, akan ɗan taɓa hira kafin a watse. Wani dare a cikin rani sai hirar ta faɗa kan littafin da kowa ya fi ƙauna. Wani dattijo ya ce shi Ashafa ce, domin tun yana yaro mahaifinsa yake riƙe hannunsa zuwa wurin karatunta a watan azumi. Wani malamin madarsa ya ce babu kamar Muƙamatul Hariri wajen daɗin lugga. Wani ɗan kasuwa ya ce Riyadus Salihina ba ya rabuwa da shagonsa. Wani tsohon malamin lakwal ya yi dariya, ya ce a gafarce shi, shi dai Magana Jari Ce ne ya sa masa son karatu tun farko.

A gefe kuwa akwai wani saurayi da ya dawo daga cin rani da ɗan guzuri, yana niyyar sayen littafi. Ya ce: "Allah gafarta malamai, to ni wanne zan saya?" Nan take kowa ya faɗa masa sunan abin da shi yake so. Yaron ya tashi da sunaye har bakwai a kansa, kuma babu wanda ya tambaye shi inda karatunsa ya tsaya. Da muka kira shi washegari muka bincika, sai muka tarar bai gama Ahalari ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A wani ƙauye kusa da mu limami ya yi tafiya, aka gabatar da wani matashi ya ja sallar la'asar, saboda an san shi da yawan ambaton littattafai. Wayarsa cike take da manyan mujalladai, kuma yakan kawo saɓanin malamai daga Bidayatul Mujtahid na Ibnu Rushdi. A raka'a ta biyu ya miƙe bai yi zaman tahiya ba, ya cika sallarsa ya sallame, bai yi sujada ba, jama'a suka watse. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya manta wannan zama yana yin sujada biyu kafin sallama, wato ƙabli. Idan ya manta ƙablin ya tuna nan kusa, sai ya yi shi. Idan lokaci ya yi tsawo ko ya fita masallaci, sallar ta ɓaci, domin zaman ya ƙunshi sunnoni uku. Haka aka bi mutane gida gida bayan magariba ana gaya musu su rama la'asar. Wannan mas'ala tana cikin Ahalari, ƙaramin littafin da matashin ya tsallake yana ganin na yara ne. Ba mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Wanda ya tura masa babban littafi bai tambaye shi ƙaramin ba yana da nasa kason.

TSANIN DA MAGABATA SUKA KAFA

Malaman ƙasar Hausa, daga Agadas zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano, sun jera littattafan fiƙihu kamar matakan tsani. Ɗalibi yakan fara da Ƙawa'idi, ya san abin da ya wajaba ya ƙudurce game da Ubangijinsa. Sai Ahalari na Shaihu Abdurrahman Al-Ahdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda ya tsaya kan tuba da tsarki da salla da gyaran rafkanwa. Sai Ishmawi na Abdulbari Al-Ashmawi na Misira, wanda ya ƙara da azumi. Sai Iziyya ta Abul Hasan Al-Manufi, inda ɗalibi zai shiga zakka da hajji da aure da ciniki.

Daga nan sai Risala ta Ibnu Abi Zaid, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, daidai da 996. Abin lura a nan shi ne, domin koyar da yara ya wallafa ta, ga shi yau mai furfura yana alfahari idan ya sauke ta. Bayanta sai Askari, wato Irshadus Salik na Ibnu Askar mutumin Bagadaza, wanda wani ɗan ƙasarmu, Shaihu Abubakar ɗan Hasan Bakatsine, ya yi wa sharhi mai suna As'halul Madarik. Can a ƙololuwa sai Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Misira na ƙarni na 14, wanda saboda tsananin taƙaitawarsa ba ya fahimtuwa sai da sharhi da malami. Haka abin yake a nahawu: Ajurumiya ta Ibnu Ajurrum na Fas, wanda ya rasu a 1323, tana gaba da Alfiyar Ibnu Malik mai baiti kusan 1000.

Kada wani ya zaci masu ƙaramin kai aka yi wa wannan jeri. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, shi ne mai tafsirin Diya'ut Ta'awil, kuma ba a musun zurfin iliminsa. Ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. A ciki ya nuna cewa yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya bar shi a hannun yayansa Shehu Usmanu, kuma cikin abin da ya karanta a gabansa akwai Ahalari da Ishmawi da Risala da Ajurumiya da Ishiriniya. Waɗannan su ne dai littattafan da ke cikin gafakar ɗalibanmu a yau. Shehu Usmanu kansa, wanda aka haifa a Maratta a 1754, sai da ya taka har Agadas domin ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Idan irin waɗannan bayin Allah sun hau tsanin daga ƙasa, to wane ne mu da za mu faro daga sama? Da rarrafe yaro kan tashi.

LITTATTAFAN DA AKE ƘAUNA DA WANDA SUKA DACE DA SHI

Ba mu hana kowa son littafinsa ba, mu ma muna da namu. Abin da muke nema shi ne mai nunawa ya san halin littafin da halin wanda yake nuna wa.

Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, daidai da 1277, ya ƙunshi hadisai 42. Shi ne muke fara nuna wa duk mai son shiga hadisi, domin ana iya haddace shi cikin rani guda. Riyadus Salihina, shi ma na Nawawi, ya dace da magidanci da ɗan kasuwa da manomi, saboda an kasa shi babi babi a kan halaye da ladubba, mutum zai iya karanta babi ɗaya da dare tare da iyalinsa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuwa muna son ɗalibi ya zo mata bayan Risala, a lokacin ne zai ga tushen hukunce-hukuncen da ya riga ya sani.

Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a Marrakish a 1149, tana dasa son Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a cikin zuciya, shi ya sa ake taruwa a kanta da azumi. Sai dai kashi huɗu ce, kuma kashin ƙarshe hukunce-hukunce ne da suke hannun alƙalai da hukuma. Saboda haka sauraronta a gaban malami ya fi wa mai farawa alheri a kan karanta ta shi kaɗai.

Tafsirin Jalalaini malamai biyu ne suka haɗu a kansa: Jalaluddin Al-Mahalli, da Jalaluddin As-Suyuɗi wanda ya cika shi, ya kuma rasu a 1505. Suyuɗi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina. Gajartar wannan tafsiri takan ruɗi mutane su zaci mai sauƙi ne, alhali wanda bai ratsa Ajurumiya ba rabin maganarsa za ta wuce shi. Muƙamatul Hariri, mai muƙama 50, zuma ce ga wanda ya ƙoshi da nahawu da lugga. Wanda bai kai nan ba, idan aka ɗora masa ita, zai gaji ya ce Larabci ya gagare shi, wataƙila ma ya bar karatun gaba ɗaya.

Ga ƴan'uwan da ba su sami Larabci ba, Allah ya hore mana abin karantawa da harshenmu. Akwai Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji. Akwai fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi, akwai kuma ta Shaihu Nasiru Kabara, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Akwai waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wadda ta shiga gidaje da yawa da wa'azi. Tsohon malamin lakwal ɗin nan ma bai yi kuskure ba: Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i 3, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ya buɗe wa yara da yawa ƙofar karatu, kuma yaron da ya saba da riƙe littafi ba zai sha wuyar riƙe Risala ba.

Kada kuma mu manta da iyayenmu mata da ƙannenmu da ƴaƴanmu. Sau nawa namiji yake dawowa daga Damagaram ko daga kasuwar Kurmi ta Kano da littafinsa, bai tuna da matarsa ba? Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san matan ƙauye ba za su ɗauki Muhtasar ba. Sai ta tsara musu karatu cikin waƙe da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis suna kai wa ƴan taru har garuruwansu. Wannan shi ne sanin abin da ya dace da mai karatu.

LADUBBAN MAI NUNA LITTAFI

Na farko, ka tambaya kafin ka amsa. Me ya karanta, a wurin wa, ina ya tsaya, kuma me yake buƙata a yanzu? Wanda zai yi aure bayan kaka, babin aure ya fi masa amfani a kan tarihin Andalus. Wanda yake awon hatsi a kasuwar Matamaye, babin ciniki da zakka ne farillarsa.

Na biyu, kada ka nuna littafin da kai ba ka karanta ba. Jin sunansa a wa'azi ko ganinsa a waya bai zama karatu ba.

Na uku, littafi ɗaya za ka faɗa. Idan ya sauke ya dawo, sai ka faɗi na gaba. Ƙaramin littafin da aka kai ƙarshensa ya fi mujalladi goma da aka tsaya a muƙaddimarsu.

Na huɗu, ka haɗa sunan littafi da sunan wanda zai biya masa shi. Wayar salula ta sauƙaƙa samun littattafan da a da sai an tsallaka zuwa Kano ta Daura, wannan ni'ima ce abar godiya. Amma waya ba ta jin kuskuren mai karatu balle ta gyara masa.

Na biyar, ka ji tsoron Allah, kada ka nuna littafi domin a ce kai mai zurfi ne, ko domin ka ja yaro zuwa ɓangarenka. Littattafan raddi da jayayya ba abincin mai farawa ba ne. Sun raba zumunci a garuruwa da dama, tsakanin mutanen da dukkansu ba su gama babin tsarki ba.

Shi kuma mai tambaya, ya faɗi gaskiyar matsayinsa, kada kunya ta sa ya ce ya wuce inda bai kai ba. Ɗan shekara 50 da ya zauna da Ahalari ya fi mutunci a wurin Allah a kan wanda ya rufe jahilcinsa da manyan sunaye.

Saurayin nan na zaure, da kuɗin cin raninsa ya sayi Ahalari da Arba'una, ya kuma sayo wa ƙanwarsa Ibada da Hukunci. Kafin ruwan farko ya sauka ya kai babin ƙabli da ba'adi. Muna roƙon kowane mai karanta wannan darasi, kafin Juma'a mai zuwa, ya ɗauko ƙaramin littafin da ya bari bai gama ba, ya nemi malamin da zai biya masa shi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da aiki da shi, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya gafarta mana abin da muka yi kuskure a cikinsa. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.