Tsofaffin Hotunan Sama da Taswirar Garinku

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, ku sani an daɗe ana ɗaukar hoton ƙasarku daga sama. Tun 1972 Amurka take harba taurarin ɗan'adam masu suna Landsat, suna kewaya duniya, abin da suka ɗauko ana adanawa. A da saye ake yi, amma daga 2008 aka buɗe rumbun kyauta ga duk mai intanet. A 2015 Turai ma ta harba nata, Sentinel-2, shi ma ba a biyan ko kwabo.

To, ina ruwan manomi da wannan? Ku tuna 2010, shekarar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma, saboda niƙan dutsen zinariya a tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu. An kankare ƙasar da ta gurɓata, an kai ta ramuka an binne. Bagega kuwa, da ita ma gubar ta shafa, sai 2013 aikin ya iso ta. Yaron da aka haifa a wancan lokaci yau ya isa riƙe garma, gari kuma ya faɗaɗa. Wa zai nuna masa inda injin niƙa ya zauna, kada ya haƙa rijiya ko ya buga tubali a wurin? In an jera hoton da da na yau, za a ga inda sabbin gidaje suka doshi tsohon wurin aiki. Amma a kula, hoto ba ya ganin dalma. Wuri kawai yake nunawa, sai ma'aikatan lafiya sun zo sun auna ƙasar.

Mutanen Gummi da suka sha ambaliya a 2024 su ma su duba hotunan ƙarshen damina, su ga iyakar da ruwa kan kai kafin a yanka filin gini.

Ga yadda ake yi. A sami matashi mai kwamfuta ya sauko da hoton kaka, bayan gajimare ya janye, kafin hazo ya rufe. A buga shi a babbar takarda, a shimfiɗa kan tabarma a ƙofar mai gari. Kowane ɗigo a hoton Landsat na yanzu faɗin mita 30 ne a ƙasa, don haka bukka ba ta fitowa, amma fadama da burtali da daji suna fita sarai. Dattawa su sa yatsa su faɗi suna: nan kufai ne, nan maƙabarta, nan mashayar shanu. Kada a manta da mata, gama su suka san gidan da aka daka dutse a turmi.

Sannan, tunda 'yan bindiga na yawo a yankin, taswirar da ta nuna hanyoyi da rumbuna ba ta yaɗawa a WhatsApp ba ce. A ajiye ɗaya wurin hakimi, ɗaya a asibitin gari.