Wa Ke da Hakki a Kan Ilimin Kakanni?

Wani manomi daga Gazawa ya aiko da tambaya: idan baƙo ya kwashi irin hatsinmu ko sirrin magungunanmu ya yi rajista da sunansa, akwai dokar da za ta kare mu?

To Malam, akwai, sai dai sai an tashi tsaye. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na hukumar rajistar mallakar fasaha ta OAPI da ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Can ne kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi mallakar albasar Galmi. Manoma da gwamnati suka ce ba su yarda ba, kamfanin ya janye daga sunan. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar suna da takardar shaidar asali, fatar jar akuyar Maraɗi kuma tana da tambarin haɗin gwiwa.

Maganin gargajiya ya fi wuya, domin dokar ta saba da mai ƙirƙira guda ɗaya, shi kuwa wannan ilimi gadon gari ne. Amma a watan Mayun 2024, a Janiba, ƙasashe sun amince cewa mai neman rajistar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo tsiron da ilimin.

Shawararmu gare ku, ku da 'yan uwanku na Agye da Gidan Rumji: ƙungiyarku ta rubuta sunayen irinku da amfaninsa, maigari ya sa hannu. Mai bincike in ya zo, a yi yarjejeniya a rubuce kafin ya ɗauki ko ƙwaya ɗaya.