Kifin da Ba Shi da Suna a Hausa: Darasin Fassara Daga Fatsar Dare

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon karatun da ya wuce malaminmu na fassara ya ba mu wani ɗan rubutu na Ingilishi mu mayar da shi Hausa. Rubutun yana bayani ne a kan yadda mutanen Amurka da Kanada suke kama wani kifi da fatsa cikin dare, suna tsaye a bakin gaɓa, a ruwan da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Da takardata ta dawo, sai na ga jan biro ya fi baƙi yawa. A ƙasa Malam ya rubuta: "Ka fassara kalmomi, amma ba ka san kifin ba." Wannan maƙala za ta nuna inda na yi tuntuɓe, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Matsalar suna

Turawa suna kiran kifin walleye. Babu shi a Kogin Kwara, babu shi a Tafkin Chadi, don haka Bahaushe bai raɗa masa suna ba. Da na ga hotonsa, sai na rubuta "giwan ruwa". Kuskure na farko ke nan. Giwan ruwa na iya wuce kilo 100, shi kuwa wannan yawanci kilo ɗaya ne zuwa biyu. Mafi girma da aka amince da shi a tarihin kamunsa kilo 11 ne da 'yan kai, an kuma kama shi a jihar Tenesi a 1960. Basarken da ya karanta fassarata zai yi mamakin yadda mutum ɗaya zai jawo giwan ruwa daga ruwa iyakar gwiwa.

Sai na koma ga aro, na rubuta "walai". Da na karanta a aji kowa ya fashe da dariya, domin a nan kudu haka mutane da yawa suke furta "wallahi". Daga ƙarshe muka tsaya a kan "wolai", tare da ɗan bayani a ambato na farko: kifi mai ƙyallin ido. Darasin shi ne, kafin ka ari kalma, furta ta da ƙarfi ka ji ko ta yi karo da wata.

Halin kifin

Wolai kifin ruwan daɗi ne na Kanada da arewacin Amurka. Bayansa kore-kore ne mai ruwan zinariya, cikinsa fari, yana da haƙora masu kaifi da ɗan farin tabo a ƙasan wutsiya. Jihar Minesota ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha a 1965.

Sirrinsa yana cikin ido. A bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, irin wanda yake sa idon kyanwa ƙyalli idan an haska ta da tocila. Wannan ya sa yake gani sosai a duhu, amma hasken rana yana damunsa. Da rana yakan lafe a zurfi ko a inuwar ciyayin ruwa. Da almuru ta yi, sai ya matso bakin gaɓa inda ƙananan kifaye suke taruwa, ya farauce su a lokacin da su ba sa gani da kyau. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake fatsarsa da dare, kuma ba sai da jirgi ba.

A nan ma akwai tarko. Rubutun ya ambaci lokacin shekara da kifin ya fi kusantar gaɓa, ni kuwa na rubuta "bazara" kamar yadda muka saba. Amma bazarar Bahaushe zafi ce mai gasa ƙafa, alhali can ana nufin lokacin da ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu da Mayu, ruwa na da sanyin digiri 6 zuwa 10, kifin yana zuwa kan tsakuwa ya zuba ƙwai. Lokaci na biyu shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ad da masu fatsa suke cika bakin Tafkin Iri a jihar Ohayo cikin dare. Ya fi kyau mai fassara ya ambaci watanni.

Yadda ake kamun

Mai fatsa yakan je wurin tun da rana ya ga inda duwatsu da ramuka suke. Yakan zaɓi gaɓa mai tsakuwa, ko bakin rafin da ke shiga tafki, ko gefen da iska take turo igiyar ruwa. Sandarsa tana da ɗan injin naɗe zare. A bakin zaren yakan ɗaura siririn kifin ƙarya na roba ko na katako mai ƙugiyoyi, irin na kamfanin Rapala, ko kuma ya sa koto mai rai, kamar tana, matsattsaku ko ɗan ƙaramin kifi. Sai ya jefa, ya riƙa jawowa sannu a hankali, yana ɗan tsayawa. Ba ya haska ruwa, ba ya buga ƙafa. Karin maganar nan, "kifi na ganinka, mai jar koma", kamar don wolai aka yi ta. Ana kuma bukatar lasisin gwamnati, kuma akwai iyakar yawan kifin da mutum zai tafi da shi gida.

Aikatau da alkibla

Kuskurena mafi girma yana nan. Na rubuta: "Ka jefo koto, sannan ka ja shi." Malam ya tambaye ni, "Kai a cikin ruwan kake zaune?" Idan ban manta ba, mun koyi tsarin giredin aikatau na F. W. Parsons tun a aji biyu, amma sai a ranar na gane amfaninsa. Aikatau mai ƙarewa da -o, wato giredi na 6, yana nuna aikin yana tahowa wajen mai magana. Duba waɗannan:

Ya jefa koto cikin ruwa. (daga gaɓa zuwa can)
Ya jawo zaren a hankali. (daga can zuwa gaɓa)
Kifi ya matso bakin gaɓa. (ya taho wajenmu)
Kifi ya janye zuwa zurfi. (ya bar wurin)
Kifi ya kamu. (giredi na 7, aikin ya auku a kansa)
Ya kamo kifi uku. (ya kama, ya zo da su)

Mu da muka koyi Hausa a aji mun fi yin wannan kuskure, domin Ingilishi da wasu harsunanmu na gida sukan nuna alkibla da wata kalma daban, Hausa kuwa da wasali ɗaya take yi. Mai fassara ya fara tambayar kansa: a ina mai magana yake tsaye?

Kammalawa

Na sake aikin, amma makin da na rasa ya riga ya tafi. Abin da na samu a madadinsa shi ne ɗabi'ar bincike kafin ɗaukar biro. Ga ɗan aiki ga mai sha'awa: rubuta jimloli biyar a kan fatsar dare da jefa, jawo, matso, kamu da kamo, sannan ka sake rubuta su kamar kifin ne yake ba da labari. Za ka ga wasula nawa ne suka sauya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.