DARASI: BAƘON HANYAR IMUWASU

Karatu: Luka 24:13-35, Yohanna 20:24-29, Farawa 18:1-15

Darasinmu na wannan wata ya shafi kowane gida, gama babu iyalin da ba shi da wani a kan hanya: ɗalibi a makaranta, ɗan ƙwadago a birni, ko wanda tashin hankali ya raba da gonarsa. Babu kuma mai bi da shakka ba ta taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Bari mu bi sawun almajirai biyu, mu ga yadda tafiya da shakka da karɓar baƙo suka haɗu a yini guda.

1. Mutum biyu sun juya wa Urushalima baya

Waliyyi Luka ya gaya mana cewa a ranar da Yesu ya tashi daga matattu, almajirai biyu suka kama hanyar wani ƙauye mai suna Imuwasu, tafiyar wajen mil 7 daga Urushalima. Sunan ɗayansu Kiliyobas, na biyun kuwa ba a faɗi sunansa ba. Sun riga sun ji labarin matan da suka tarar da kabari ba kowa, amma labarin bai tsai da su ba. Sun sa rai Yesu ne zai fanshi Isra'ila, sai ga shi an gicciye shi. Shakkarsu daga karyewar zuciya ta fito. Haka take ga yawancinmu. Wanda ya yi azumi da addu'a domin ɗansa, ɗan kuma ya rasu, da wadda aka ƙone mata rumbu bayan wahalar damina guda, sun san irin wannan tafiya.

Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Ya matso kusa, ya jera da su, ya fara da tambaya, ya bar su suka zazzage abin da ke cikinsu. Sai bayan ya saurare su ne ya tsauta masu, ya kuma buɗe masu Littattafai tun daga Musa har annabawa, yana nuna masu cewa wajibi ne Almasihu ya sha wuya kafin ya shiga ɗaukakarsa. Iyaye da katekis, ga gargaɗi a gare mu: yaron da ya dawo hutu da tambayoyi masu nauyi, a fara sauraronsa kafin a yi masa faɗa.

2. Shakka iri biyu ce

Katekizim na Ekklesiya Katolika, wanda ya fito a 1992, ya raba shakka gida biyu a lamba ta 2088. Akwai ta ganganci, inda mutum ya ƙi yarda da abin da Allah ya bayyana alhali ya sani. Akwai kuma wadda take zuwa wa mutum ba da sonsa ba, saboda tambayar da ya kasa warwarewa ko duhun da ya rufe masa zuciya. Ta farkon zunubi ce. Ta biyun gwaji ce, sai dai idan mutum ya rungume ta yana kiwonta da gangan, tana iya makantar da ruhu.

Waliyyi Toma ya ƙi yarda da shaidar 'yan'uwansa, amma bai bar taronsu ba. Bayan kwana 8 yana cikin ɗaki tare da su, a nan kuwa Yesu ya same shi, har bakinsa ya furta shaidar da ta kira Yesu Ubangiji da Allah. A zamaninmu ma, wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata, waɗanda aka buga a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna cewa ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa da ita. Duk da haka ba ta fasa zuwa Misa ba, ba ta kuma daina wankan marasa lafiya ba. A 2016 Ekklesiya ta sa ta cikin waliyyai. Saboda haka kada wanda ke cikin duhu ya ce bai cancanci shiga majami'a ba.

3. Ƙofar da baƙo ya shigo

Da suka iso ƙauyen, Yesu ya yi kamar zai wuce. Almajiran nan ba su san ko wane ne ba, zukatansu kuma cike suke da baƙin ciki, amma suka matsa masa ya sauka wurinsu domin rana ta kusa faɗuwa. Da sun bar shi ya wuce, da sun kwana da wa'azi mai daɗi a kunne ba tare da sun gane mai wa'azin ba. A wurin cin abinci, sa'ad da ya ɗauki gurasa, ya sa albarka, ya gutsuttsura ya ba su, a nan ne idanunsu suka buɗe. Katekizim, a lamba ta 1347, ya nuna cewa tsarin Misa ke nan: Maganar Allah tukuna, sa'an nan teburin Yukaris.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Allah. Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa a Mamre da tsakar rana ya hangi mutum uku, ya sheƙa ya tarye su, ya sa aka kawo ruwan wanke ƙafa, Saratu ta yi waina, aka yanka maraƙi. Daga bakin baƙin nan ne alkawarin haihuwar Ishaku ya fito, ko da yake Saratu ta yi dariyar shakka a bayan ƙofa. Waliyyi Benedik, a ƙarni na 6, ya kafa wa mabiyansa doka cewa kowane baƙo a karɓe shi kamar Kristi kansa.

Mu ma a nan Arewa, bangaskiyarmu ta wannan ƙofa ta shigo. Ranar 12 ga Fabrairu 1907, Fada uku na ƙungiyar SMA, cikinsu har da Fada Oswald Waller, suka iso Shendam, baƙi ne da ba su jin harshen ƙasar. Sarkin Goemai ya karɓe su, ya ba su wurin zama. A 2007, shekara 100 bayan haka, Shendam ta zama dayosis mai Bishop nata.

4. To, a zamanin tsoro fa?

Wani zai ce, wannan duka gaskiya ne, amma yanzu wa zai buɗe wa wanda bai sani ba ƙofa da dare? Tambayar tana da nauyi, gama sace mutane da hare-hare sun sa kowa yana duban baƙo da ido biyu. Bishara ba ta hana mu yin hankali ba; Ubangiji da kansa ya umarce mu mu haɗa wayo da sahihanci (Matiyu 10:16). Amma hankali dabam, rufe zuciya dabam. Abin da gida ɗaya ke tsoron yi, jama'a za su iya yi tare. A kai baƙo wurin katekis ko mai unguwa a san da shi. Zumuntar Mata da matasa su san iyalan da suka gudo cikinmu, su san wanda ba shi da tabarma ko kuɗin makarantar yara. Ranar Lahadi a tambayi sabuwar fuska sunanta da garinsu. Wanda ba shi da hatsin bayarwa ya tuna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A ranar shari'a, bisa ga Matiyu 25, za a tambaye mu game da baƙo.

Kai kuma matafiyi, ka riƙe katin baftismarka, ka sallami Fada ko katekis kafin ka tashi, in ka sauka kuwa ka nemi majami'a tun makon farko. Yawancin waɗanda suka yi sanyi a baƙon gari ba da niyya suka bar bangaskiya ba. Lahadi ɗaya ce ta wuce, wata ta bi ta. Almajiran Imuwasu, da suka gane Ubangiji, ba su jira gari ya waye ba. Nan take suka sake taka mil 7 ɗin nan zuwa wurin goma sha ɗayan, suka tarar su ma suna da nasu labarin tashinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne ya taɓa sa ka juya wa Urushalima baya, wa ya jera da kai a lokacin?
2. Baƙi nawa ne ke cikin unguwarmu waɗanda ba mu san sunansu ba?
3. Wane ɗanmu ne ke nesa wanda ya kamata mu tambaye shi inda yake zuwa Misa?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, abokin tafiyar masu baƙin ciki, ka kiyaye 'yan'uwanmu da ke kan hanya, ka riƙe masu shakka cikin taron jama'arka, ka ba mu zuciyar da za ta tsai da baƙo, domin mu gane ka a wurin gutsuttsura gurasa. Kai da kake raye kana mulki har abada abadin. Amin.